Idan Tsohuwar Fijo Ta Ƙi Shan Mai

A shekarar 1975 aka fara haɗa motar Fijo a Kaduna, kuma har yau akwai magidanta a birnin Kano da ke riƙe da tsohuwar 504. A unguwa kamar Kabara, kusa da Gidan Sarki, inda lunguna suke da matsi, mota ɗaya in ta mutu ta tare wa kowa hanya. Sau da yawa laifin ba na inji ba ne, mai ne ba ya isa kabureta.

Maigida, kafin ka aika a kira bakanike, buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta shiga da ƙarfi, ƙofar numfashin tankin ta toshe, famfo yana ja amma man ya ƙi tahowa. Daga nan sai filta. Ƙurar hunturu da tsatsar tsohon tanki can suke taruwa. Alamarsa, mota tana tafiya lafiya a hankali, amma da ka taka totur sai ta riƙa fizga. Kada a wanke shi, a sayi sabo; kuɗinsa kaɗan ne.

Famfon mai shi ne ya fi ruɗa mutane. Zare wayar koyil, cire tiyon da ke shiga kabureta, sa bakinsa cikin kwalba, wani ya murɗa makulli. Mai ya kamata ya fito da ƙarfi, tsit-tsit. In ɗigo yake yi, robar cikin famfon ta gaji. Shinshina sandar auna baƙin mai: in tana warin fetur, robar ta yage, fetur yana gangarawa cikin inji yana tsinka baƙin man. Wannan kam kada a ƙara tuƙa motar sai an gyara. A zafin watan Afrilu kuwa, fetur kan zama tururi cikin tiyo, motar ta mutu, bayan ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, da yawa suna yawo da tanki kusan wayam, ko su sayi kwalba ɗaya wurin 'yan bumburutu. Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin tanki yake kwanciya tare da datti, daidai inda famfo ke zuƙa.

Don Allah kada a sa yaro ya tsotsi tiyo da baki. Fetur in ya shiga huhu yana iya kisa. Kuma a nisanta mai sigari da murhun mai ƙosai daga wurin aikin.