Keso: Nazarin Lamba 20,000 da Matsayinta a Rabon Gado

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba siffofin lamba 20,000, wato adadin wurin da ke cikin keso guda a zamanin da ake ciniki da wuri a Kasuwar Kurmi. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 daidai yake da riyal ɗaya. Ke nan keso riyal takwas ne cif. Tambayarmu ita ce: a ina wannan lamba take rabuwa sumul, a ina kuma take barin saura?

2.0 Tubalan Lambar

Tubali a nan shi ne lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta, kamar 2 da 3 da 5 da 7. In an warware 20,000 za a sami 2 sau biyar (32) da 5 sau huɗu (625), domin 32 × 625 = 20,000. Wannan ya dace da al'adar masu ƙirgar wuri, waɗanda suke jan sa biyar-biyar. Daga tubalan nan ne ake samun lambobi 30 masu raba keso ba saura, daga 1 har zuwa 20,000 kanta.

3.0 Ajinta

Malaman hisabi na Larabawa sun gaji wani rabo daga Nikomakus Bayunane, wanda Sabitu ɗan Ƙurra ya fassara littafinsa a ƙarni na tara. Ana tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6 (1 + 2 + 3). In ta gaza, tauyayya ce. In ta zarce, mai rara ce. Masu raba 20,000 sun tashi 29,203, saboda haka mai rara ce. Sai dai 20,160 da ke kusa da ita tana da masu raba ta har 84, domin akwai 3 da 7 a tubalanta.

4.0 Rabon Gado

Rashin 3 ɗin nan shi ne aibin keso. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza. Asalin mas'ala 24 ne: mata tana da tumuni, uwa sudusi, ragowar kashi 17 na 'ya'ya. Tumunin keso 2,500 ne, riyal guda. Amma sudusinsa 3,333 ne da sulusin wuri, alhali wuri ba ya fasuwa. Sai an haɗa keso uku, wato 60,000, sannan kowane kashi na 24 zai tashi 2,500 daidai.

5.0 Kammalawa

Wuri ya kau, Naira ta zo a 1973, amma matsalar tana nan. Gidan gado da aka sayar Naira 20,000,000 a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ba zai ba da sudusi cif ba ko an koma kwabo, domin tubalan goma 2 ne da 5 kawai. Don haka ya kamata mai rabo ya fara da asalin mas'ala, ya bayyana sauran a gaban magada, su yafe wa juna da saninsu.