Yadda za a tsara ziyarar kwana biyu zuwa Tiga, Falgore da duwatsun Riruwai

Miliyoyin mutane ne ke tururuwa zuwa tsibirin Santorini na ƙasar Girka a kowace shekara domin kallon abu guda: wani makeken kwari da teku ta cika, wanda ya samu bayan wani dutse ya yi aman wuta kimanin shekara 3,600 da suka gabata, bakinsa ya rufta ciki. Ɗan Najeriya da ke son ganinsa sai ya nemi bizar Turai, ya biya kuɗin jirgi zuwa birnin Atens, sannan ya ƙara tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba a jirgin sama, ko ta sa'a biyar zuwa takwas a jirgin ruwa.

Jihar Kano ma tana da irin wannan dutse, sai dai nata ya tsufa ya mutu tun kafin a yi ɗan Adam. Duwatsun Riruwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa su ne abin da ya rage na wani dutse mai aman wuta, kuma ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai iya zuwa ya gan su a hutun ƙarshen mako, ya haɗa da Madatsar Ruwa ta Tiga. Sharaɗin shi ne a gina dukkan tsarin tafiyar a kan ƙa'ida ɗaya: a ratsa dajin Falgore da rana tsaka, a zuwa da dawowa.

Mene ne asalin duwatsun Riruwai?

Masana kimiyyar ƙasa sun ƙiyasta shekarun duwatsun da fiye da miliyan 160. A wancan zamani narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya yi ta amai, har rumbun da ke ƙasa ya zama fanko, saman ya rufta, kamar yadda ya faru a Santorini. Daga baya wani narkakken dutsen ya kutso ta tsagar da ta kewaye wurin, ya daskare. Ruwan sama da iska suka yi ta zaizayar saman tsawon miliyoyin shekaru, har abin da ke ciki ya bayyana. Shi ya sa duwatsun suka yi kewaye kamar zobe.

Riruwai ɗaya ce daga cikin jerin irin waɗannan zobba da suka faro daga duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, suka biyo ta Damagaram da Dutse da Ningi, suka wuce Jos har kusa da kogin Binuwai. Na arewa sun fi tsufa, shekarun suna raguwa yayin da ake gangarowa kudu.

Bambancin da ke tsakaninta da Santorini shi ne dutsen Girka yana da rai har yanzu. Ya yi amansa na ƙarshe a 1950, kuma a farkon 2025 girgizar ƙasa da ta yi ta maimaituwa ta sa dubban mutane barin tsibirin. Na Riruwai ba shi da wannan barazana.

Zafin da ya haifi duwatsun shi ne kuma ya tara ma'adinai a cikinsu, musamman kuza da tutiya. Akwai wata jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita biyar da ta ratsa tsakiyarsu daga gabas zuwa yamma. Tun kafin zuwan Turawa mutanen garin sun shahara da narka kuza, kuma tsofaffin rubuce-rubuce na kiran wurin Liruwen Kano. Kamfanonin Turawa sun yi haƙa a can a zamanin mulkin mallaka, kuma har yau ramukan da aka bari suna nan.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Kudancin Kano ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, kuma yankin Riruwai ne mafi tudu. Wannan ya sa lokacin tafiya ke da muhimmanci.

A watan Agusta matsirgar ruwa ta Zainabi kan cika ta yi ƙarfi, amma hanyoyin ƙauye sun jiƙe, rafuka sun kawo, duwatsu suna santsi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya ta bushe, sai dai hazo kan rufe sararin da mutum ya hau dutse domin ya hanga. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya tsananta, ruwan matsirga ya ja baya.

Saboda haka ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ya fi. Damina ta ɗauke, ciyayi ba su bushe ba, tafkin Tiga yana cike, kuma kaka ta yi, ana samun amfanin gona da sauƙi a kasuwannin hanya.

Rana ta farko: Bebeji zuwa Tudun Wada

A bar Kano da misalin ƙarfe takwas na safiyar Asabar, a kama hanyar Zariya. Tiga tana da nisan kimanin kilomita 70 daga birni, a Ƙaramar Hukumar Bebeji, yankin da tafkin Bagauda da reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya suke.

An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano. A lokacin da aka gina ta, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma ita ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir da shinkafar da ake sauke wa a kasuwannin birni da rani, da yawansu ruwan Tiga suka sha. Akwai kuma tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da gwamnatin jihar ta gina a wurin.

Sa'a uku sun isa a zaga bakin tafkin, a kalli masunta, a ci soyayyen kifi. Madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, don haka sai a nemi izinin masu gadi kafin a hau bangonta ko a ɗauki hoto. Kada a yi wanka a ciki, kuma kada a bar yara su shiga, saboda zurfi da kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. Wanda zai shiga kwalekwale ya tabbatar akwai rigar ruwa.

Bayan Azahar a kama hanya zuwa Tudun Wada. Wanda ya koma kan babban titi zai bi ta Kwanar Dangora da ke Ƙaramar Hukumar Kiru, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya. Nan ne ya kamata a cika tankin mai, a duba tayoyi, a sayi ruwan sha.

A isa Tudun Wada kafin La'asar ta yi sanyi, a tsaya nan. Ko da rana ta nuna da saura, kada a zarce, domin daga gaba daji ne. Garin ya yi suna wajen noman shinkafa da masara, don haka ɗan kasuwa zai sami abin tambayar farashi da yamma. Masauki kuwa a kammala maganarsa tun daga Kano, ta hannun ɗan'uwa ko abokin aiki ɗan yankin, domin wuraren kwanan baƙi ba su da yawa.

Me ya sa Falgore ce ke yanke hukunci?

Dajin Falgore yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,000, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma titin Kano zuwa Jos ya ratsa ta cikinsa. A da ana kiransa dajin Kogin Kano. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya shi cikin wurare goma da ta amince a mayar gandun daji na ƙasa.

Dajin ya daɗe yana fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, abin da ya sa rundunar sojin ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanyar, kuma motoci na bi kullum, amma yanayin tsaro yana canzawa daga wata zuwa wata. Wanda ya fi sanin halin da ake ciki shi ne direban haya da ke bin hanyar kowace rana. A tambaye su a tasha da yammacin Asabar, a sake tambaya da safe. In sun ce a dakata, to a dakata, a wadatu da Tiga.

A cikin dajin ba a tsayawa yin hoto, ba a sauka daga titi ba tare da izinin ma'aikatan gandun ba, kuma ba a ɗaukar hoton shingen sojoji. Ana iya cin karo da birai a gefen hanya, amma farauta da sare itatuwa da kiwo sun rage namun dajin ƙwarai. Wanda ke son kallon giwa, Yankari ce wurin zuwansa.

Rana ta biyu: Riruwai da dawowa

A tashi daga Tudun Wada da hantsi, lokacin da motocin haya suka fara zirga-zirga, a bi sahunsu. Bayan an fita daga dajin an kai Doguwa, sai a nemi kwatancen hanyar Riruwai. Mota mai tsayin ƙafa ta fi dacewa, kuma zuwa Zainabi yana iya buƙatar babur ko tafiyar ƙasa.

Da isa, a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a roƙi ɗan rakiya, a kuma yi ciniki da shi tun kafin a tashi. Ɗan gari ne ya san inda tsofaffin ramukan haƙar kuza suke, waɗanda ciyawa kan rufe bakinsu ko ruwa ya cika su. Kada a shiga ramin ma'adini ko da an ga masu haƙa suna shiga.

Lokacin da ake da shi bai wuce sa'a huɗu ba, don haka sai an zaɓa. Mai ƙarfin hawa ya hau tudu ɗaya, inda zai ga yadda duwatsun suka kewaye kwarin. Mai tafe da iyali ya nufi matsirgar ruwa. Ƙoƙarin haɗa biyun shi ke jawo a makara.

Ƙarfe biyu na rana ita ce iyaka. Da an yi Azahar a juyo, domin a fita daga Falgore rana na sama, a shiga Kano wajen Magariba. In mota ta sami matsala har La'asar ta wuce, gara a kwana a Doguwa a sanar da wurin aiki, da a shiga dajin da duhu.

Abin da za a riƙe

Tsabar kuɗi ƙanana, domin hanyar sadarwa kan yanke a tsakanin duwatsu kuma tura kuɗi ta waya na iya gagara. Katin shaida da takardun mota, saboda shingaye. Takalmi rufaffe saboda santsi da macizai, da tayar safiya mai iska, da abinci da ruwan da zai kai yamma, da maganin sauro.

Mota biyu sun fi mota ɗaya, kuma raba kuɗin mai tsakanin mutum huɗu yana sauƙaƙa tafiyar. Kafin a tashi, a bar wa wani a gida tsarin tafiyar da lambar wanda za a sauka wurinsa, tare da lokacin da ake sa ran fitowa daga dajin ranar Lahadi.