Dam Bai Fashe Ba

Tambayi duk wanda ka ga dama a Maiduguri, daga Dala har Gamboru, inda yake a daren Litinin 9 ga Satumba 2024, zai gaya maka ba tare da dogon tunani ba. A daren ne ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya biyo kogin Ngadda ya shigo gari mutane suna barci. Kafin hantsin Talata ya cinye Fori da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, bai bar fadar Shehun Borno ba. Mata da goyo, buhun kaya a ka, ruwa iya ƙirji; tsofaffi a bayan motocin soja; kwalekwale yana yawo a kan kwalta. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, aka kuma yi shelar a yi hattara da kadoji da macizai da ruwa ya kwaso. Bangon gidan yari ya rushe, fursunoni 281 suka fice. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na birnin ya nutse. Sama da mutum dubu 400 suka rasa matsuguni, har sai da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe tun 2021.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ruwan nan bai zo a ɓoye ba. An kammala Alau a 1986, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 112, kuma a 1994 ta taɓa yi wa garin irin wannan aika-aika. Dattawan Gwange ba su manta ba. A watan Afrilun 2024 hukumar sa ido kan ruwa ta ƙasa, NIHSA, ta fitar da hasashen ambaliya na shekara, ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ke cikin babban haɗari, Borno a ciki. To amma sa kanka a kujerar gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma. An ce jihohi 31 cikin 36. Me za ka yi da wannan? Gargaɗin da ya haɗa kusan kowa, kowa yakan ɗauka da maƙwabci ake. Takardar ba ta ce maka wace unguwa za ta tashi ba, ko wace rana, ko ina za ka kai mutane.

Sai kuma maganar da ta fi tsaya wa mutane a rai. Kwanaki kaɗan kafin daren, da jita-jita ta cika gari cewa dam ya fashe, gwamnatin jiha ta tura tawaga ƙarƙashin Sakataren Gwamnati, Bukar Tijani, suka duba suka dawo suka ce dam bai fashe ba, jama'a su kwantar da hankali. A ranar, maganar gaskiya ce. Sai dai mai gida a bakin Ngadda ba abin da yake son ji ke nan ba. Shi tambayarsa: zai iya fashewa? In kwashe iyalina ko in zauna? Amsar wannan tana buƙatar kalmar da masu mulki suke gudu kamar wuta, wato "mai yiwuwa". Injiniya yana tsoron ya ce a tashi, ruwa bai zo ba, a ce ya tayar da hankalin jama'a a banza. Jami'i kuma yana son eh ko a'a. Tsakanin waɗannan biyun ne "ƙila" takan faɗi ƙasa, ta iso kunnen talaka a matsayin "ba komai". Alhali manomi da ɗan kasuwa kullum da ƙila suke aiki. Da an ce musu ruwa ya kai alama kaza, in ya ƙara kamu kaza Gwange da Fori su nufi tudu, ga makarantun da aka tanada, da sun gane sarai, kuma da yawa sun ɗaure kayansu tun da rana.

Bayan ɓarna sai aka koma musu kan kalma: Ministan Albarkatun Ruwa, Joseph Utsev, ya ce ambaliya ce ta fi ƙarfin madatsar, ba rushewa ta yi ba. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution kuwa sun ƙiyasta cewa ɗumamar yanayi ta ƙara wa ruwan saman daminar 2024 a yankin Tafkin Chadi da kogin Neja ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari. Su ma ba su ba da lamba ɗaya ba, domin haka ilimin yake.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau.