Masu Zanen Ƙauyen Masunta na Newlyn

A can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Cornwall, akwai wani ƙauyen masunta a bakin teku wai shi Newlyn. Kafin shekarar 1880 ba abin da aka san shi da shi sai kifi da ƙarninsa. Amma daga baya sai ga masu zane suna ta kwararowa, har sunan ƙauyen ya zama sunan wani salon zane.

Shin me ya jawo su? Na farko dai zama a can ba tsada, ga shi jirgin ƙasa yana zuwa har Penzance, garin da ke maƙwabtaka da su. Sa'an nan akwai haske, domin ruwan teku yakan mayar da hasken sama bisa kwale-kwale da fuskokin mutane. Walter Langley ya zauna can a 1882, Stanhope Forbes kuwa ya iso a 1884.

Shi fentin mai, garin launi ne ake kwaɓawa da mai, a shafa da buroshi a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗaure jikin katako. Ba ya bushewa da wuri, saboda haka mai zane yana iya gyara aikinsa kwana da kwanaki. A da, sai a zauna a ɗaki a yi. To, a 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙago 'yar kwalbar dalma da ake matsawa, watau irin ta man goge baki. Wannan ya sauƙaƙa wa mai zane ɗaukar kayansa ya fita fili.

Haka Forbes ya yi. A bakin teku ya kafa babban ƙyallensa, cikin sanyi da iska, ya zana yadda ake gwanjon kifi. Ga kifaye zube a kan jiƙaƙƙen rairayi, ga mata da masunta suna ciniki, ga jiragen su can nesa. Da aka nuna zanen a Landan a 1885, nan da nan sunansa ya bazu.

Amma ni wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Frank Bramley na 1888, wanda ma'anar sunansa ita ce wayewar gari ba tare da sa rai ba. Ba a ma ganin tekun sai ta taga. Wata matar masunci ce ta kifa kanta a cinyar wata tsohuwa, bayan sun kwana suna jiran mijinta. Ga burodi a kan tebur ba wanda ya taɓa, kyandirin da aka ajiye a taga don ya hango gida ya mutu. Yau wannan zane yana hannun gidan adana zane na Tate a Ingila.