Zogi da Maye: Darasi Biyu a Allo Ɗaya

Duk wanda ya ci kasuwa a Yauri ko Matamaye, ko ya bi hanyar da ta gangara Daura, ba ya bukatar a kwatanta masa ƙwayar da ake kira tramol, domin ya gan ta a farantin mai talla, ya kuma ga ɗan ƙodagon da ke haɗiyarta tun asuba don ya yini a gona bai ji gajiya ba. Asalinta magani ne na halal, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar a 1977. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, ba ya ƙetare 400 a yini, alhali wadda ake fasa-ƙwaurinta daga Indiya sau da yawa ƙwaya guda miligiram 225 ce.

Wannan ifraɗi ke nan, kowa na ganinsa. Amma tafriɗin, wanda ba a cika zancensa ba, yana can ɗakin jinya, inda mai ciwon daji, ko yaro mai sikila, ko matar da wuta ta ƙona, ke kwana suna nishi saboda babu mofin, ko kuwa akwai shi a kulle amma mai rubutawa yana tsoron kada ya mai da majinyaci mashayi. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya, wato matalautan cikinsu, ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan magani. A ra'ayina illolin nan biyu uwarsu ɗaya, wato ƙarancin karantarwa.

Hukama'un dauri ba su raba su ba. Ibn Sina, da ya zo kan afyuni a littafinsa Alƙanun, ya ambaci fa'idarsa ya kuma ambaci halakarsa. Haka ya kamata ɗalibin likita ko na haɗa magunguna, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yake ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ya karance su tare. Ya san tsanin nan mai hawa uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 1986: a fara da parasitamol, in bai yi ba a hau kodin ko tramol, sa'an nan mofin. Ya koyi tambayar zogi, wadda ba ƙaramar hikima ba ce a ƙasar da dauriya ado ce, inda mace za ta ce "da sauƙi" tana cije leɓe.

Sa'an nan ya san cewa wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, idan ya bari farat ɗaya, gumi da zawo da ciwon gaɓɓai da rashin barci za su taso masa, har ya koma mata ala tilas. Cewa yawan tramol na kawo bugun da jahili zai ce farfaɗiya ce ko iskokai. Cewa akwai allurar naloksan mai ceto wanda numfashinsa ya ɗauke. Kuma cewa ragewa sannu-sannu tare da nasiha ita ce jinya, gidan mari kuwa azaba ce kawai. Mai kantin magani ma ya koyi cewa "a'a" cikin mutunci, domin haramcin da Nijeriya ta yi wa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 ya rufe ƙofa ɗaya ne cikin ƙofofi.

Game da ƙarancin mofin kuwa, Yuganda ta gwada wata hanya. Likita Anne Merriman ta fara ba da mofin na ruwa a can a 1993, kuma a 2004 doka ta yarje wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi da kansu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mutumin Yauri, idan zogi ya kayar da shi cikin dare, ma'aikacin jinya ne zai tarar a asibitin karkara, babban likita kuwa sai Matamaye ko Damagaram.