Karatun Kwamfuta a Samaru: Aikin da Shagon Bakin Titi Ba Zai Iya Ba

A bakin titin Sakkwato, daura da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samarun Zariya, shaguna ne jere da injin janareto yana ta ruri a ƙofar kowane. Ciki yaro ne zaune gaban kwamfuta, yana cike wa ɗalibai fom ɗin rajista, yana buga musu takardar biyan kuɗin makaranta. A Sabon Gari kuma mai gyaran waya ya duƙufa kan teburinsa da ƙarfen narka dalma a hannu, cikin minti kaɗan ya tayar da wayar da mai ita ya fid da rai. Wannan shi ne abin da yawancin jama'a ke nufi idan suka ce wane ya iya kwamfuta. Shi ya sa uba kan tambaya, kuma yana da hujja, me ya sa ɗansa zai shafe shekara huɗu a jami'a yana koyon abin da almajirin shago ke ƙwarewa a kai cikin 'yan watanni?

Amsar tana cikin tarihin fannin a wannan jami'a. An buɗe ABU a 1962, kuma karatun kwamfuta a gidan lissafi aka haife shi. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi ɗan Adamawa da ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, ya shugabanci sashen lissafi, sannan ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani kwamfuta ɗaki guda take cikawa, ana ba ta umarni da katuttukan da aka huhhuda, kuma kuskuren harafi ɗaya kan sa mutum ya koma layi. Wanda bai tsara tunaninsa daki-daki kafin ya tunkari injin ba, ya yi asarar yini. Daga baya kimiyyar kwamfuta ta samu sashenta, injiniyancin kwamfuta ma ya samu nasa a tsangayar injiniyanci. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja wadda ta ware fannin ya tsaya da ƙafarsa, da rassa irin su tsaron intanet, kimiyyar bayanai da ƙirar manhajojin kwamfuta.

Wannan asali na lissafi shi ne jarin fannin, ko da yake shi ne abin da ɗalibai suka fi ƙorafi a kai. Mai shago yana amfani da manhajar da wani ya rubuta. Idan shafin rajista ya tsaya, iyakarsa ya ce babu sabis, a dawo anjima. Aikin wanda ya yi karatun jami'a shi ne ya san dalilin da shafin ke durƙushewa idan dubban ɗalibai suka afka masa lokaci guda, da yadda za a tsara rumbun bayanai don kada sakamakon jarrabawar wani ya faɗa kan sunan wani. Masu cewa ai yanzu YouTube ya wadatar, ko kuma shirin gwamnatin tarayya na 2023 na horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani ya isa, suna da rabin gaskiya. Gajeren kwas yana ba matashi abin yi da wuri, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma kayan aikin da ake yayi bana suna iya zama tsohon yayi nan da shekara biyar, alhali hanyar warware matsala mataki-mataki ba ta tsufa. Su masu koyar da gajerun kwasa-kwasan ma, wani wuri ne ya yaye su.

Inda ya kamata a tsananta wa fannin tambaya shi ne wa yake yi wa aiki. Da wuya a samu garin da ya tara matsalolin da ke jiran masanin kwamfuta kamar Zariya. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta fitar da irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA, kuma ta daɗe tana tara bayanan ruwan sama, ƙasa da amfanin gona. Kusa da ita akwai cibiyar malaman gona ta ƙasa, wadda aikinta isar da sakamakon bincike ga manomi. A Shika akwai asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi, a Palladan ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Manomin Giwa ko Hunƙuyi yana da waya a aljihu, amma saƙon da zai gaya masa lokacin shuka ko alamar tsutsa a masara sai ya zo masa da Hausa, da murya, domin ba kowa ke karatun boko ba. Manyan kamfanonin Amurka ba za su sa wannan a gaba ba, don ribarsa kaɗan ce a wurinsu. Idan sashen da ke zaune taku kaɗan daga gonakin gwaji bai ɗauke shi ba, to wa zai ɗauka?

Akwai masu ganin duk wannan buri ne kawai, kuma ba a banza suke faɗa ba. Ware fannin ya tsaya da ƙafarsa, wato sauya sunan sashe zuwa tsangaya, yana iya ƙarewa a sabon allo da sabon ofishin shugaba. Malamin da ya ƙware yana iya samun ninkin albashinsa a kamfanin Legas ko na waje ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Yajin aikin malamai na 2022 ya ci wata takwas, kuma tun da aka ƙara kuɗin wuta a watan Afrilun 2024 jami'o'i ke kuka, alhali ɗakin kwamfuta ba ya aiki da alli. Sai dai waɗannan dalilai ne na ba fannin kasafin kansa da murya a majalisar jami'a, domin sashen da ke rakuɓe a ƙarƙashin wani shi ake fara yanke wa kaso idan kuɗi suka yi ƙaranci. Ɗaliban ABU sun sha yin fice a gasar Huawei ta duniya, wanda ke nuna ba ƙwaƙwalwa ce ta yi ƙaranci ba.

Sabuwar manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A nan ABU za ta iya sa darussan sarrafa harshen Hausa da na bayanan noma da na asibiti, ta kuma tura ɗalibanta koyon aiki na wata shida zuwa ofishin adana fayilolin marasa lafiya a Shika, ko wurin dillalan hatsi na kasuwar Sabon Gari waɗanda har yanzu da yawansu littafi da biro ne ma'ajiyar bashinsu.