Jan Tururin Da Ya Ƙaryata Littattafan Kimiyya

Har zuwa shekarar 1962 ana koya wa ɗalibai cewa iskar zenon da danginta ba su haɗuwa da kome faufau. Wani Baturen Ingila mai aiki a Kanada, Neil Bartlett, shi ya rushe wannan zance. Makaminsa filatinam hekzafuloraid ne, watau ƙwayar filatinam ɗaya ɗaure da fulorin shida. Jan abu ne mai saurin zama tururi, ga shi da ƙarfin ƙwace ƙwayar lantarki, har iskar oksijin bai ƙyale ba. Ran 23 ga Maris Bartlett ya gauraya tururin da zenon, nan take wani abu rawaya ya daskare a jikin gilashin. Tilas aka gyara littattafan makaranta.